Shanun Fagam a Bakin Filin Jirgi

Sana'ata ƙirgi. Da keke na fara, ina bin mahauta a kasuwannin Gwaram da Kangire da Farin Dutse, in sayi fatar saniya ɗanya, in shanya, in kai Kano. Kafin shekarar da aka canja mana kuɗi daga fam zuwa naira na riga na yi sito a bakin titi a Birnin Kudu, kuma ina iya ɗaukar hayar babbar mota ni kaɗai, ba sai na haɗa kaya da kowa ba. Mai sayen ƙirgi ba ya fatan saniya ta mutu, amma in ta mutu ba ya zaman makoki.

A Fagam akwai wani dattijo, aminin mahaifina, da nake kira Baba. Asalinsu Fulani ne, amma Fulatancin ya tsaya a bakin kakarsu. Hausa suke yi, suna noman dawa da gyaɗa kamar kowa. Abin da ya rage musu na asali shi ne garke, fararen shanu masu dogon ƙaho, waɗanda suka gada tun daga kakanni. Baba ne babba, shi ke da magana a kansu. Ƙaninsa, wanda muke ce wa Baffa, shi ke bin su.

Kowace shekara, da an yi shuka, Baffa kan kora garken arewa ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar Faransa, yadda muke kiran Nijar a lokacin, ko bayan da suka karɓi mulkin kansu. A damina gonaki sun rufe ko'ina a wajenmu, burtali ya matse, kuma a daminar ne masu jangali ke yawo suna ƙidayar shanu. Can kuwa akwai fili, akwai kanwa. Baffa ba ya juyowa sai Baba ya aika masa cewa an kawar da amfanin gona, masu ƙidaya sun wuce. Sau ɗaya ya taɓa dawowa da ra'ayin kansa, yana saurayi. Ya faɗa hannun masu jangali, shanun kuma suka yi ɓarna a gonar wani. Baba ya ci mutuncinsa a tsakiyar kasuwa, ya karɓe sandar kiwo daga hannunsa har shekara guda. Tun daga ranar, ko gobara ce ta taso, Baffa ba ya ɗaga ƙafa sai da maganar yayansa. A haka gemunsa ya yi furfura.

A shekarar da nake magana damina ta yi mana rowa, amma mun sami abin sawa a rumbu. A arewa kusan ba ta zo ba. Labari ya riƙa iso mana cewa dabbobi na faɗuwa, ƙirgi ya yi arha, hatsi ya fi zinariya daraja. Na loda mota da dawa, na ɗauko mahauta huɗu daga Kano. Ana gobe zan tashi sai ga Baba a ƙofar sito. Ya ji inda na nufa, kuma wani fatake ya gaya masa a garin nan ya ga Baffa. Bai yarda ya zauna ba.

"Ɗana, ka ce masa in ji ni, ya taso ranar da ka same shi, kada ya kwana. Ko masu jangali ne suka tare shi, gara in biya. Karan dawata na nan, na hana kowa taɓawa."

Na ce in Allah ya so zan faɗa masa. Ya sa na maimaita, na maimaita, ya ba ni goro ya tafi.

Garin ba zan ambaci sunansa ba, mutanensa ba su yi mini komai ba sai alheri. Kwana biyu ne a mota daga Birnin Kudu, in rairayi bai riƙe taya ba. Yana cikin wani kwari tsakanin tuddai biyu na yashi. Ba dutse ko ɗaya. Wanda ya tashi a cikin duwatsunmu, in ya je can sai ya ji kamar an tuɓe masa riga. A ƙasan kwarin akwai rijiyoyi da tafkin kanwa, a kan tudu gonakin gero da wake, bayansu sai dajin aduwa da ƙaya har inda ido ya gaji. Da gero da kanwa da cinikin dabbobi garin ke rayuwa, sai kuma fetur da yadi da sigari da ake shigo da su daga wajenmu ta bayan fage. A kasuwa Hausa ake yi da Barbarci da Fulatanci, amma duk abin da ya hau takarda Faransanci ne, daga rasiɗin haraji har allon ƙofar asibiti, kuma masu iya karanta shi ba su cika tabarma biyu ba.

Na sauka a gidan wani tsohon dillalin shanu, Babarbare, mai yawan raha. A bakinsa na ji tarihin wurin. Da, in ji shi, rijiya ɗaya ce da ayarin gishiri ke yada zango a bakinta. Faransawa suka zo suka kafa bariki, suka ajiye kumandan, kumandan ya ce yana son jirgi ya riƙa kawo masa wasiƙa har ƙofa. Aka sa kowane ƙauye ya kawo mutane. Mata suka yi ta jidar marmara a ƙwarya daga wani rami mai nisan rabin yini, maza suka jeru a tsugune suna bugu da madaɓi kamar masu daɓen ɗaki, ba lada sai bulala. Uwarsa na cikin masu jidar, kuma wuyanta bai sake miƙewa ba har ta rasu. Bayan Turawan sun tafi filin ya zauna, kewaye da waya mai ƙaya, jirgi ya sauka sau ɗaya a mako ko ya yi fashi, jandarma biyu na gadi a ƙarƙashin rumfar kwano.

Wannan filin ne ya tara makiyaya. Ɗan ruwan da aka samu a daminar, da ya faɗi a kan daɓen bai nutse ba, sai ya gangara gefe. Saboda haka a cikin waya, hagu da dama, ciyawa ta fito har gwiwa ta bushe a tsaye, ba bakin da ya taɓa ta. A wajen waya ko tsinke babu. Shanu na jin ƙanshinta tun daga nesa. Sai ka gan su jere, hanci a jikin ƙayar waya, wasu fuska duk jini. Wadda ta kutsa ciki a harbe ta, wai kada jirgi ya yi karo da ita.

Ga kuma jiragen agaji da suka fara sauka, manya, suna kawo wata jar dawa. An rubuta sunayen mutane, an ba kowa kati, wanda ya bar gari katinsa ya mutu. Sai magana ta bazu, ban san wanda ya fara ta ba, cewa jirgi na gaba angurya zai kawo da dusa domin dabbobi, kuma waɗanda ke kusa da filin za a fara ba. Makiyaya suka kafa sansani a gabas da waya suna jira.

Kwanana biyu a garin na hango shanun Fagam. Shanun can yawanci jajaye ne, farare ba sa ɓuya a cikinsu. Daga kan motata na gan su a kusurwar gabas, na kuma gane Baffa da malfarsa. Na san dabba. Sun rame, ƙashin baya ya fito, amma suna zuwa rijiya da ƙafarsu suna dawowa, kuma ba wadda ake ɗagawa da safe. Saniyar da ke tashi da kanta tana iya kai kanta gida, ko da tafiyar mako uku ce.

Niyyata in je wurinsa da la'asar, wannan gaskiya ne. Amma kafin azahar na shiga ofis neman takardar izinin fitar da ƙirgi. Akawun saurayi ne, yana son sigarinmu. Muna hira na tambaye shi yaushe anguryar za ta iso. Ya jawo wata takarda, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya yi dariya. Ya ce hatsin mutane ne, da madarar gari, da magani. Ba abincin dabba a ciki, ba kuma wanda ya taɓa rubuta za a kawo. Na ce mutanen da ke bakin waya sun sani? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba wanda ya tambaye shi.

Na fito na tsaya a inuwar ofishin na yi tunanin da kowane ɗan kasuwa zai yi, ko da ba kowa zai faɗa ba. In na isar da saƙo Baffa zai tashi a ranar. Baffa kuwa ba ya tashi a ɓoye. Dattijo ne, makiyayan da suka zo daga kudu shi suke kallo, in ya kora shanunsa rabin sansanin zai bi shi. Ni kuma ga dawa mota guda, ga mahauta huɗu ina ciyarwa, ga rumfunan banda na sa an kafa. Na ce bari in bari sai gobe.

Ban yi wa kowa ƙarya ba. Ban je ba ne kawai. Na zauna a yamma da gari, maigidana, dillalin da na sauka a gidansa, ke zuwa sansani ya yi ciniki ya koro. Mahautana ba su san Baffa ba, direba kuma na ce ya kama bakinsa game da garin da muka fito.

Aiki ya kankama. Da farko saniya na cin buhun dawa. Kafin mako biyu ta koma 'yan mudaye, mai ita na godiya. Mahauta suna gudu da wuƙa daga wannan zuwa waccan, don a yanka kafin rai ya fita kada ta zama mushe. Naman ba mai, ja wur kamar igiya, muka yi ta yanyanawa muna banda. Ƙirgi muka shimfiɗa a rairayi muka kafe da turaku har wurin ya ƙare mana, muka ƙara wani fili. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi, sai dai su matsa gefe in ka zo wucewa.

Ranar da jirgi zai sauka, tun ana jin ƙararsa mutane ke rugawa bakin waya. Su tsaya suna kallon buhunan da ake saukewa, kowa na neman wanda launinsa ya bambanta. A loda a motoci a wuce da su cikin gari. Su koma wurin shanunsu su ce sai na gaba. Maigidana kan dawo yana ba ni labari yana girgiza kai, ya ce Fulani sun bar bin hadari sun koma bin jirgi. Shi ma bai san abin da akawu ya gaya mini ba.

Kowace safiya nakan hau kan mota in duba kusurwar gabas. Na ga ranar da aka fara ɗaga ta farko, mutum biyu a ƙaho, ɗaya a wutsiya. Na ga ranar da suka daina zuwa rijiya tare, sai kashi-kashi. Na ga fari yana raguwa a cikin ja. A kwana na goma sha tara na sa riga mai tsabta na bi maigidana zuwa sansani.

Baffa ya yi murna da ganina har ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya shimfiɗa mini buzunsa, ya ba ni haƙuri cewa ba nonon da zai ba baƙo. Ya tambayi gida, da yara, da yadda dawa ta yi. Sannan na faɗa masa saƙon yayansa, kalma da kalma, ban rage komai ba, har maganar karan dawa. Ya juya ya dubi shanun. Wasu na kwance, wasu na tsaye ƙafafu a warwatse don kada su faɗi.

"Da wace ƙafar za su taso, ɗana?"

Maigidana ya so ya sassauta wurin, ya ce ai maganin Bafulatanin da ya yar da Fulatanci ke nan, shanun sun gaji da jin Hausa. Baffa ya ce masa Babarbare dai aikinsa riƙe igiya, ya bari iyayen gidansa su yi magana. Suka yi 'yar dariya su biyu. Sannan Baffa ya tambaye ni ko Baba ya ce wani abu a kan sayarwa. Na ce bai ce ba.

Bai kwana ba, kamar yadda aka umarce shi. A yinin ya ɗaga waɗanda suka ɗagu ya kora su kudu. Sun kai bakin kwarin, inda hanya ke hawa tudu, nan suka fara zubewa. Kwana biyu yana fama a gindin tudun nan. A na uku ya aiko a kira ni. Ya ce tunda dole a yanka, gara na gida ya amfana da baƙo ya amfana. Na saya a farashin da ake sayarwa a ranar, ban ƙara ba ban rage ba. Abu ɗaya ya roƙa, kada a yanka wata a gaban wata. Na ce wa mahauta su kiyaye. Suka kiyaye a kan biyu ko uku na farko, daga nan aiki ya yi yawa.

Akwai karsana biyu da har lokacin suna tsaye. Ya roƙe ni in ba su wuri a mota. Na dubi kayan, na san wurin karsana ɗaya ƙirgi nawa zai ɗauka. Na ce ɗaya za ta shiga, ya zaɓa. Ya daɗe yana zaɓen nan. Na ba shi gaban mota ya ƙi, ya hau baya ya zauna a kan ƙirgi, kan karsanar a cinyarsa, yana jiƙa mata dusa a malfa. Haka muka yi kwana biyu. Na sauke su a mararrabar Gwaram, ban shiga Fagam ba.

Abin da ya faru a can daga bakin mutane na ji. Baba ya ga ƙaninsa ya shigo da karsana ɗaya a igiya, ya tashi ya shiga ɗaki. Mako guda bai yi masa magana ba, don a zatonsa saƙo ya isa a kan kari, Baffa ne ya tsaya jiran jirgi. Baffa kuma bai kare kansa ba, bai saba ba. Sai da matan gidan suka sa baki aka zaunar da su. Mutanen nan ba sa rubutu, amma ba sa ɓatan lissafin rana. Baba ya faɗi kasuwar da ta ci kafin ya zo wurina. Baffa ya faɗi kwanan wata a daren da ya biyo bayan zuwana. Suka ƙirga da yatsu, suka cire kwana biyun hanya. Abin da ya rage a tsakani ba wanda ya iya cewa ga inda ya tafi.

Wata hantsi ina sito, ana ware ƙirgi mai lamba ɗaya daga mai lamba biyu, ana barbaɗa hodar ƙwari, sai ga Baba. Ya cire takalmi a ƙofa kamar zai shiga masallaci. Muka gaisa gaisuwa cikakka, ya tambayi iyali, ya yi mini barka da hanya. Ya ce ko zan bari ya duba. Na ce bisimilla. Ƙirgi ana naɗe shi ne gashi a ciki, saboda haka sai da ya riƙa buɗe bakin kowane ɗaya. Jajaye ya wuce su. In ya zo kan fari sai ya tsaya, ya shafa gashin da bayan hannu, ya mayar ya rufe. Ma'aikatana suka fice ɗaya bayan ɗaya.

Na shirya wa tsinuwa, na shirya wa ƙara gaban alƙali, na ma tanadi amsar da zan bayar: mota ta lalace, takarda ta riƙe ni, ban gan shi da wuri ba. Ko ɗaya bai tambaya ba. Ya zauna a kan wani ɗauri, ya goge hodar da ke hannunsa a jikin riga.

"Ɗana, kai ka san dabba, kuma kai ka gan su da idonka. Ranar da ka fara ganinsu, da ya taso, nawa za su iso gida?"

Ciniki ya koya mini abu ɗaya, in aka tambaye ni kimar dabba ba na faɗin abin da ba shi ba. Da wannan aka san ni tun daga Gwaram har Kano. Na tuna yadda suke tafiya rijiya a safiyar nan, na lissafa rijiyoyin hanya da na sani, na cire tsofaffi da masu ciki.

Na ce, "Rabi, Baba. Wataƙila su ɗan haura."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu ko uku.

"Tun daga Fagam nake roƙon Allah ka ce mini ko ɗaya ba za ta iso ba."

Ya tashi, ya sa takalminsa, ya ce a gaida gida. Na bi shi da goro har bakin titi, ya karɓa don kada ya kunyata ni a gaban mutane.

Da ribar tafiyar nan na sayi motar kaina. Baba ya yi shekara shida a duniya bayan haka. Duk inda muka haɗu mukan gaisa, ya kuma zo sunan 'ya'yana biyu. Baffa bai sake ƙetare iyaka ba, noma ya koma, ya riƙa yin ƙwadago a gonakin mutane, da rani ya yi faskare. Karsanar ta rayu, amma yunwar ta riga ta taɓa ta, ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. A shekara ta huɗu suka kai ta kasuwar Gwaram suka sayar wa mahauta.